Abin da Ke Cikin Na Dama

Habu ya ɗora sufana a kan notin shakazoba, ya danna da ƙarfin da notin bai nema ba. Babur ɗin ya girme shi. Na mahaifinsa ne, Zakari mai hujin shanu, wanda ya yi shekara talatin yana yawo a kansa daga Dogon Dutsi zuwa Kiyeshe da Lugu.

Ranar da tsohon ya rasu, Malam Abdussalamu mai kantin atamfa ya tsaya a ƙofar gidansu ya ce wanda ke zuwa Lugu wurin masu iska, wato 'yan bori, ba a yi masa salla. Mutum bakwai suka sallaci Zakari. Habu ya ƙirga su, har yau yana iya jero sunayensu. Da aka raba gado babur ya faɗa hannun wansa Rabilu, shi kuwa Rabilu, da bai san ciwon kansa ba, ya sayar wa wannan Abdussalamun.

To, yau Juma'a da hantsi sai ga Malam ya turo babur garejin Habu, don duk garin babu wanda ya san kan wannan tsohon ƙarfe sai shi. Ya ajiye sababbin shakazoba na baya da aka aiko masa daga Kamba, a kwalinsu, ko buɗewa bai yi ba. Ya yi sallama kamar babu abin da ya taɓa haɗa su. Har ya juya, sai ya dawo ya rage murya.

"Habu, in ka iske wani abu cikin na dama, ka maishe shi inda yake cikin sabon. Kak ka buɗe."

Habu ya tsani mutumin nan, tsana mai sanyi wadda shekara huɗu ba ta rage komai ba. Niyyarsa ta farko ita ce ya bar noti ɗaya sakwa-sakwa, hanyar Gesheme ta ƙarasa masa aikin. Amma da ya zare kuben ƙarfen da ke rufe sifirin tsohon shakazoba na dama, sai wani abu ya faɗo a kan cinyarsa. Laya ce, an ɗinke ta da jar fata, da wuri biyu a jiki.

Ba ta mahaifinsa ba ce. Habu ya kwance babur ɗin nan ya fi sau goma tsohon na da rai, bai taɓa ganin ko zare a ciki ba. Fatar ma sabuwa ce, ɗinkin kuwa irin na mutanen Lugu. Ya zauna a ƙasa ya yi dariya har hawaye ya zo masa, ba kuma duka na dariya ba ne.

Ya yage kwalin. Shakazoba na zamani ba su da kube. Sifirinsu tsirara yake, fari fes, ana hango duk abin da ke ciki daga tsallaken titi.

Bai taɓa yin aiki mai kyau irin na ranar ba. Ya ɗaure kowane noti tam, ya daidaita tsayin biyun, ya hau ya gwada. Sannan ya cusa layar cikin sifirin dama, ya ɗaure ta da waya yadda ko ramin damina ba zai kakkaɓe ta ba. Ya jingine babur, ɓangaren dama yana kallon bango.

Ana kiran salla Malam ya iso a gaggauce, zufar tsakar rana ta jiƙa masa jallabiya. Ya hau ta hagu, kamar kowa. Ya yi tsalle sau biyu a kan sirdi, ya ce kamar katifa.

"Ka maishe shi?"

"Yana inda ka ce, Malam."

Habu ya san inda Malam yake ajiye babur: bakin ƙofar masallaci, inda abokan wa'azinsa ke cire takalma. Ya ce wa Malam ya ɗan dakata masa, ya zagaya ta dama da tsumma, ya goge sifirin har ya ɗauki ido, jar layar ta fito sarai a cikinsa.

Sannan ya rufe gareji, ya yi alwala, ya bi bayansa a ƙafa.