Matar Abdulmalik

Sai da Rufaida ta shekara uku da aure kafin ta san cewa a takarda ba Balarabe take aure ba.

Wata huɗu bayan bikinsu ya tafi Turai karatun aikin ban-ruwa, ya bar ta wajen mahaifiyarsa, Inna Tasalla, a ƙauyensu da ke bakin ruwan Tiga. Da ya gama suka riƙe shi aiki, sai ya fara shirin ta bi shi. Ya turo mata hoton fasfonsa a waya don ta kai wa mai cike fom a Kiru. Fuskar dai tasa ce, har da tabon gira. Amma sunan Abdulmalik Sale ne, ita kuwa ta san sunansa na yanka Mu'azu.

Tana tsaye a ƙofar shagon ta kira shi. "Yaya, an yi maka kuskure a fasfo."

Ya ce, "Ba kuskure ba ne. Sunan wana ne."

Ashe yana da wa. Yaron ya ci jarrabawar shiga sakandare, saura sati biyu ya tafi, kwalekwale ya kife da shi, ko gawarsa ba a samu ba. Mahaifinsu ya ce gurbin ba zai tafi a banza ba, ya miƙa wa Balarabe takardun. Tun daga nan makaranta da jami'a da fasfo duk da sunan mamacin suka san shi.

"Ki haddace abin da ke rubuce kawai," in ji Balarabe. "Kuma don Allah kada Inna ta ji."

Kawu Shitu, ƙanin mahaifinsu, shi ya raka ta aka yi takardar shaidar aure da wannan sunan. Da za shi sa hannu sai da ya ajiye biro sau biyu.

Wata rana da la'asar tana tsintar shinkafa a tsakar gida, tana bitar amsoshi ƙasa-ƙasa. Sunan miji, Abdulmalik Sale. An haife shi ran biyu ga watan bakwai.

"Ba da damina aka haife shi ba."

Ta ɗago a firgice. Inna Tasalla na bakin ƙofar ɗakinta da carbi a hannu.

"Malamin makaranta ne ya rubuta abin da ya ga dama. Da kaka ne, ana yankan dawa." Ta jawo kujera ta zauna. "Sake faɗin sunan, 'yar nan. Ni ban taɓa faɗa ba, ɗan fari ne."

Rufaida ta faɗa. Tsohuwar ta lumshe ido.

Daga ranar, kullum bayan la'asar sai ta zauna ta ba ta labarinsa. Bahago ne. Yana yin fito da yatsu biyu a baki, har tsuntsayen bakin ruwa su tashi. Ɗan masunci ne amma ba ya cin kifi, ko warinsa ba ya so. In ya yi dariya yana rufe baki don giɓi. Rufaida takan so ta tashi, ƙafa ta ƙi. Kafin wata ya ƙare ta san yaron nan fiye da mijin da ta zauna da shi wata huɗu. In taga ta motsa da rana tsaka, sai ta ji kamar ana yin fito daga wajen ruwa.

A ofishin biza a Abuja, wata mata a bayan gilashi ta yi ta jero tambayoyi, tafinta na fassarawa. Rufaida ta amsa duka ba gargada. Can matar ta yi murmushi ta ce, wane abinci ne mijinta ba ya so?

"Kifi," in ji Rufaida.

Sai da ta fito titi ta tuna Balarabe ba ya cin tuwo in miya ba kifi.

Biza ta fito bayan sati shida. Da safen tafiya Inna Tasalla ta riƙe hannunta a zaure, ta yi mata addu'a mai tsawo, sannan ta ce, "Ki gaishe min da su."

Balarabe ya tare ta a filin jirgi, ya yi ƙiba, yana ta dariya. Wani abokin aikinsa da ya kawo shi a mota ya ɗaga hannu daga nesa ya kira, "Abdulmalik!" Nan take Balarabe ya juya ya amsa. Rufaida ma ta juya, amma ba mijinta ta duba ba. Cikin jama'ar da ke bayansa ta riƙa dubawa, har sai da ya taɓa kafaɗarta ya ce su tafi, sanyi zai kama ta.