Yaƙin Zauren Malam Kyari

Tun bayan babbar sallah zauren Malam Kyari ya daina karɓar baƙi. Wata ƙatuwar taswira ce shimfiɗe a ƙasa daga bakin ƙofa har bango, hoton hamada da teku, an zana mata gida-gida kamar saƙar zuma. In baƙo ya zo, sai dai a ba shi tabarma a waje, gindin bishiyar maina.

Abokinsa Mista Hilary ne ya kawo wannan jidali. A wurin wani mai gwanjo ya tsinci kwalin, wai wasan yaƙi ne na Turawa. Sojojin 'yan ƙananan kwalaye ne da ba su fi farce ba, ga tankoki, ga motocin kaya, sun fi a ƙirga. Kafin soja ɗaya ya ɗaga ƙafa sai an raba masa ruwa da abinci, an auna wa motarsa fetur, har da wanda zafin rana zai shanye. Ni dai a ganina dara ta fi mutunci. Ka tona ramuka a ƙasa, kafin la'asar an san gwani.

To amma Malam Kyari yana da dalilinsa. Tunda Perpetua, matar Hilary, ta rasu, ɗansu Goodluck ya matsa wa uban lamba ya bar Potiskum ya koma wurinsa a Jos. A gaban Malam Kyari Hilary ya amsa wayar, ya ce, "Zan zo, amma sai mun gama wasan nan." Malam Kyari ya ji wannan magana ya riƙe ta gam. Tun suna samari suke ofis ɗaya a sakatariyar ƙaramar hukuma, tare suka yi ritaya, kuma duk sa'o'insa daga wanda ya riga mu gidan gaskiya sai wanda ba ya iya fita. Ba ya son Hilary ya tafi. Wasan da ba a fara ba kuwa, ta ina za a gama shi?

Hali zanen dutse. Tsofaffin ma'aikatan gwamnati ba su san a fara abu haka kawai ba, sai suka kafa kwamiti. Malam Kyari shugaba, Hilary sakatare, tunda shi ke iya karanta littafin dokokin, mai kaurin bulo. Suka yi zama a kan wa zai riƙe wace runduna. Suka yi wani zaman a kan ko za a sake duba matsayar zaman farko. Suka gayyato Babakura, tsohon direban ofis, daga Damagum don ya kula da motocin kaya. Ya zo sau ɗaya, ya saurara har azahar, ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Yaƙin da babu harbi sai lissafi? Gara in je in duba wakena," in ji shi, kuma ba a sake ganinsa ba.

Duk ranar da Hilary ya ce yau kam a jefa ƙwayar lido a fara, sai shugaba ya samo abin da ya rage. Ba a tantance rijiyoyin hamada ba. Ba a fassara babin jiragen sama ba. Ai ko famfon burtsatse ba a buɗe shi sai an sa ranar ƙaddamarwa, balle yaƙi.

Gajiya kuwa ba a magana. Durƙuso a kan taswira ya gama da gwiwoyinsu, ƙananan rubutu ya sa idon Hilary ruwa. Ko an kawo wuta ba dama a kunna fanka, don iska ɗaya za ta watsa runduna guda. Haka suke zama cikin zufa, kowa na tausa ƙugunsa. Hajiya Falmata, uwargidan Malam Kyari, ta gaji da mita, sai dai ta ajiye musu kunu a bakin ƙofa ta ce, "Sannunku da fama, janar-janar."

Wata Lahadi jiri ya kwashi Hilary a coci ya faɗi. Hawan jini ne, ya kwana biyu a asibiti aka sallame shi. Wannan karon Goodluck bai yi waya ba, da mota ya zo.

Da hantsi shi da uban suka tsaya a ƙofar gidan Malam Kyari, an cika bayan motar da kaya har da katifa a sama. Goodluck ya durƙusa ya gaida Malam Kyari, ya ce, "Baba, a yi haƙuri. Ba zan iya barin shi shi kaɗai ba." Sannan ya koma mota don ya ba su wuri.

Hilary ya cire takalmi ya shiga zauren a hankali, yana dafa bango. Ya daɗe yana kallon sojojinsa a jere a bakin teku, ba wanda ya taɓa motsawa.

Baƙin cikin Malam Kyari sai ya fito masa a faɗa. "Kai fa ka ce sai mun gama. Da kunnena na ji."

"Na faɗa."

"To ba mu ko fara ba. Da gangan na yi ta ja, in ma ba ka sani ba."

Hilary ya yi 'yar dariya mara ƙarfi. "Malam, ni ne sakatare fa. Ka taɓa ganin na hana ka ɗage zama?" Ya sunkuya da ƙyar ya gyara wani tanki da ya karkace. "Ranar da na ga kwalin nan, na karanta bayansa tun a kasuwa. An rubuta ko mutum goma ne sai sun shekara da shekaru a kai. Shi ya sa na saya."

A waje Goodluck ya tada mota. Malam Kyari ya miƙa wa abokinsa hannu ya taimaka masa ya miƙe, sannan ya sunkuya ya juya masa takalmansa suka fuskanci hanya.