Jikokin Sha'ibu Magini

A shekarun da Faransawa suka zauna da gindinsu a Damagaram, akwai wani tsohon magini a Birni mai suna Sha'ibu, wanda rabin zaurukan unguwarsu aikin hannunsa ne. 'Ya'yansa maza biyu sun riga shi rasuwa, suka bar masa jikoki biyu, Gambo da Idirisu, shi da matarsa Hajjo suka riƙe su.

Gambo ne ya bi shi wurin gini. Tun yana tattaka ƙasa da ƙafa har ya kai ga ɗora azara, bai taɓa jin madalla daga bakin tsohon ba. In ya gama yaɓe, Kaka zai shafa bangon da tafin hannu ya ce, "Wannan ko damina ɗaya ba zai kai ba. Sake." Idirisu kuwa tun da wuri ya ce shi ba zai iya da laka ba, ya tafi bariki kiwon dawakin Nasara. Ran Juma'a yakan zo da ƙullin sukari, ya ƙame a ƙofar zaure, ya sara wa tsohon kamar soja ya ce, "Bonjur, kumandan!" Kaka ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi, ya ce, "Ɗan nema, da wannan hular za ka ƙwace mini mata?" Gambo na gefe yana wanke hannu, yana jin su.

Da ciwo ya kwantar da tsohon, Gambo ne ke ɗaukarsa zuwa inuwa, shi ke yi masa wanka. Ranar da zai cika, bayan la'asar, kansa na bisa cinyar Gambo, ya buɗe ido ya ce, "Ɗan Nasaran nan bai zo ba?" Ita ce maganarsa ta ƙarshe.

A zaman makoki, duk wanda ya shigo sai ya dubi Idirisu ya ce, "Allahu akbar, Sha'ibu bai mutu ba. Dubi goshin, ji muryar." Gambo dai yana ta amsa gaisuwa. Ya koma bakin aiki tun kafin sadakar bakwai. A wani gida da yake yi wa wani falke, ya shafa bangon da shi da kansa ya yaɓe, ya ji bai yi ba, ya kankare shi duka. Mai gidan ya yi ta faɗa, Gambo ya ce masa shi haka aka koya masa.

A lokacin matan su biyun duk suna da ciki. Gambo ya gaya wa matarsa Shatu cewa in Allah ya ba su namiji, sunan Kaka zai sa, don shi ya fi kowa cancanta. Sai matar Idirisu ta riga haihuwa. Idirisu ya zo har wurin gini da goro, bakinsa har kunne.

"Yaya, an samu ɗa namiji. Kaka ya dawo, sunansa zan sa."

Gambo yana saman bango, bai sauko ba. "Allah ya raya. Amma ka san Shatu ma ta kusa."

"To ai sai ka sa kai ma, mu yi Sha'ibu biyu."

"Katanga ɗaya tsakaninmu za a yi suna biyu? Ka riga, ka riga."

Ran suna Gambo ya je, aka shafa fatiha, ya ji sanƙira ya ɗaga murya da sunan, ya tashi bai jira an yanka rago ba.

Shatu ta haifi mace. Hajjo ta dogaro sandarta ta zo, ta karɓi jaririyar ta ce, "Da tsohon yana nan, da ya yi amarya." Gambo ya raka ta gida. A soron Kaka ya tsaya, ya yi wa Hajjo tambayar da ta daɗe tana cin sa.

"Kaka, don Allah, ya taɓa faɗin wani abu a kaina?"

Hajjo ta ce, "Ya ce ko bayan ransa, kada a bar kowa ya taɓa soron nan sai kai."

"Shi ke nan?"

"Shi ke nan. Me kake so ya ce?"

Gambo ya yi mata sallama ya fito. Shi da za a ba shi zaɓi, da ya ba da soron da dukan zaurukan Birni don tsohon ya yi masa dariya sau ɗaya irin wadda yake yi wa Idirisu.

Ya koma gida, ya zauna a tsakar gida da 'yarsa a hannu. Ta bayan katanga yana jiyo Idirisu yana cilla jaririnsa sama, yana kiran sa Kaka, matan gidan suna ta shewa. Shatu ta leƙo ta tambaye shi sunan da za a sa wa yarinyar. Ya ce ta bari tukuna, zai yi tunani.