Inabin da Ba a Binne Ba

Tun daga tagar bas Mohira ta hango gonakin inabin garinsu Parkent duk sun kwanta, ban da ta mahaifinta. Maƙwabta sun riga sun sauke rassan inabinsu daga wayar da ake ɗaure su a kai, sun kwantar da su sun rufe da ƙasa, kamar yadda ake yi kafin sanyi ya sauko daga dutse. Gonar mahaifin nata, Baba Ergash, kaɗai ke tsaye da jajayen ganye, kuma Mohira ce ta jawo hakan. Kamfanin yawon buɗe ido da take wa aiki ya yi wa baƙi alkawarin hoto a ƙarƙashin inabi, sai ta roƙi tsohon ya jinkirta har yau. Ya ce to, amma su zo da hantsi, su tafi da azahar.

Ga shi la'asar ta kawo jiki. Baƙin nata, Turawa masu furfura, sun shantake a gidan giyar inabi na bakin hanya, wannan ya ɗanɗani ja, wancan ya ce a ƙaro masa fari, kai ka ce ƙishirwar shekara suka taho da ita.

"Ƙanwata, kin kalli sama kuwa?" in ji Turgun direba. "Ta yi tas, iska ta ɗauke. Yau ƙasa daskarewa za ta yi. Inabin da ya kwana a tsaye, gobe sai dai a hura wuta da shi."

"Yaya Turgun, tuƙi aka ɗauke ka ko duba?"

"Duban kyauta ne."

Ba ta yi dariya ba. Kakanta ne ya dasa inabin nan, kuma da shi gidansu ke ci.

Baba Ergash ya tarbe su a ƙofa, hannu a ƙirji. Maƙwabtan da suka zo taya shi aiki da azahar sun gaji da jira sun watse, sai shebur jingine a bango. Mohira ta matso kusa da shi.

"Baba, ka je ka fara. Ni zan ji da su."

"Baƙo na zaune a kan shimfiɗata in ɗauki shebur? A wane gida kika tashi?"

Inna, mahaifiyarta, ta kawo osh, shinkafa da karas da naman rago, wadda ta sha ɗumame. Baƙin suka ci a tsanake, suka shiga gona suka yi ta hoto, suka dawo suka sake bajewa. Inuwar dutse ta cinye rabin gonar, tsohon yana ta murmushi yana satar kallon inuwar.

Sai ya jawo butar shayi. A Parkent ɗan kaɗan ake zuba wa baƙo, domin a yi ta ƙara masa, hira ta yi nisa. Cika kofi kuwa ma'anarsa ɗaya ce, sha ka kama gabanka. Tunda Mohira take ba ta taɓa ganin mahaifinta ya yi wa kowa haka ba, ko maƙiyi. Yau ya cika kofi har baki, ya miƙa. Inna ta rufe baki da gefen mayafi. Turgun ya miƙe tsam ya lalubo makulli.

Wani mai gemu a cikin baƙin ya karɓa ya washe baki. "Yauwa! Tun safe ake yi mana rowar shayi, sai yanzu muka sami mai hannun kyauta. Ki gaya masa na gode." Ya miƙe ƙafafu, ya shanye, ya sake miƙo kofin.

Mohira ba ta fassara ba. Tsohon ya cika wani kofin ya miƙo mata ita ma, bai dube ta ba. Shayin ya zubo mata a yatsu, kunya ta hana ta jin zafinsa. Ta ajiye, ta tafa hannu.

"Jama'a, a tashi. Yanzu!"

Suka tashi suna gunaguni. A ƙofa ta kai hannu ga shebur. "Baba, Turgun zai kai su. Ni zan tsaya."

"Ke kika kawo su, ke za ki mayar da su," ya ce, ya zare shebur ɗin daga hannunta. "Allah ya kiyaye hanya."

Da bas ta juya, ta hango shi durƙushe a layin farko, yana lanƙwasa reshe, Inna na watsa ƙasa. Sauran layukan sun miƙe a bayansu har gindin dutse, rana kuma ta faɗi.

Wata tsohuwa cikin baƙin ta taɓo kafaɗarta. "Gonar nan ta fi ko'ina kyau. Baɗi zan kawo ƙanwata. Haka za mu same ta, ko?"

Mohira ta buɗe baki za ta amsa, sai ta ga tururin numfashinta yana tashi a cikin motar. Sanyin ya riga ya sauko.