Sumire Ta Taka Fari

Shekara uku Sumire tana cikin ƙungiyar sofbol, wasan buga ƙwallo da sanda, ta 'yan matan firamare da nake horarwa, kuma a shekara ukun nan ba ta taɓa kaiwa tashar farko, inda mai bugu ke rugawa in ta buga ƙwallo, a wasan gasa ba. Ba lalaci ba ne. Ita ke riga kowa zuwa, ta ja manjagara ta baje ƙasa, ta rusuna wa fili kafin ta shiga. Sanda ce dai ba ta haɗuwa da ƙwallo a hannunta. Iyaye da yawa sun ba ni shawarar in ajiye ta a benci. Ban saurare su ba. Ba na zaunar da yarinyar da ba ta fashin atisaye don wata mai baiwa da ke zuwa in ta ga dama.

Wasan ran Lahadin nan a filin bakin kogi shi ne nata na ƙarshe, don 'yan aji shida suna barin ƙungiya da zarar an fitar da mu daga gasar kaka. An kuwa kusa fitar da mu. Abokan karawarmu suna da shida muna da biyu, zagaye na ƙarshe, kuma in aka fitar da mutum ɗaya wasa ya ƙare. Sai ga shi layi ya zo kan Sumire.

Ta kai duka na farko, iska. Na biyu ma iska. A na uku sanda ta sami ƙwallo. Ba wani dukan kirki ba ne. Ƙwallon ta doki safar hannun mai jifa, ta goce, ta gangara can waje da farin layi ta ɓangaren tashar farko. Mai cafewarsu ta bi ta a guje. Sumire kuwa ta tsaya baki buɗe, sai da benci gaba ɗaya ya kwatsa mata ihu sannan ta yar da sanda ta sheƙa.

A tashar farko kushin biyu ne manne da juna, fari a cikin layi, ruwan goro a waje. Mai gudu ta taka ruwan goro, mai tsaro ta taka fari, don kada yara su yi karo. Amma da yake daga waje za a jefo ƙwallon, mai tsaronsu ta koma kan ruwan goro tana jira. Sumire ta ga mutum a gabanta, ta kauce, ta taka fari. Ƙafarta ta riga ƙwallo sauka, wannan kowa ya gani.

Nagase, kocin ɗaya ƙungiyar, ya miƙe daga kan bokitinsa. "Fari ta taka! Fari! Ke, gaya wa alƙali!"

Mai tsaronsu ta juya ta gaya wa alƙalin tasha. Shi kuwa Hayakawa ne, uban wata yarinya daga ƙungiyar da za ta buga bayanmu, don haka ake yi: iyaye maza na waɗanda ke jiran nasu wasan su ke tsayawa a tashoshi. Ran nan ne karonsa na farko, rigar ma ta aro ce. Ya dubi kushin, ya dubi Nagase, ya dunƙule hannu ya ɗaga. An fitar da ita.

Yara suka fara gudu zuwa layin sallama. Sumire ta tuɓe hular kwano ta riƙe a ƙirji, ta juyo.

Na ce, "Ke, tsaya inda kike."

A wurinmu ba a gardama da abin da idon alƙali ya gani. Doka kaɗai ake tambaya a kai, kuma koci kaɗai ke da bakin tambaya. Na cire hula, na taka zuwa wurin babban alƙali, Tokunaga, tsohon ma'aikacin gidan waya da ya haura saba'in. Littafin dokoki yana aljihuna na baya. Kowace shekara nakan sayi sabo in karance shi, kuma na san shafin. Hannuna ya riga ya kai aljihun.

Tokunaga ya ɗaga ragar fuskarsa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. "Kuwabara-kun, in ka zaro abin nan, kunnena ya toshe."

"Doka ce a ciki, Tokunaga-san."

"Na sani. Kafin ka fara aske gemu nake karanta shi. Dubi Hayakawa can. Matarsa da 'yarsa suna bayan raga. Kana so ka buɗe masa littafi a gabansu kamar ɗan aji ɗaya?"

"Ina so a bi doka."

"To yi tambaya. Tambaya aka ce ka zo yi, ba huɗuba ba."

Raina bai so ba. Ni mutum ne da in abu ba daidai ba ne nakan ce ba daidai ba ne, wanda zai ji haushi ya ji. Amma na dubi Hayakawa, na ga wuyansa ya yi ja har kunne, na saki littafin.

Na rusuna na ce, "Ina neman ƙarin haske. In aka jefo ƙwallo daga waje da layi, wane kushin ne na mai gudu?"

"Yawwa. Ka ga har ka yi kama da mutumin kirki."

Nagase ya ɗago murya daga bencinsa. "Me kuke ƙullawa ne? Shinkafar yarana tana hucewa!"

Na ce, "Zauna, Nagase. Shekara goma kana koci, murfin littafin ma ba ka san launinsa ba."

"Ni da nake da ci shida, me zan yi da littafi?"

Tokunaga ya yafito alƙalan tashoshi uku, suka haɗa kai a tsakiyar fili. Ina kusa, na ji komai. Bai ce wa Hayakawa ya yi kuskure ba.

Ya ce, "Hayakawa-san, ni ina baya, ban gani sosai ba. Daga ina aka jefo ƙwallon?"

"Daga waje."

"Mai tsaro fa, ina take tsaye?"

"Kan ruwan goro."

"To da mai gudun ta nufi ruwan goro, me zai faru?"

Hayakawa ya ce, "Da sun yi karo."

"Shi ya sa in jifa ta fito daga waje, kowacce ta taka wanda ya sawwaƙa. Kai ka gani da idonka, kai za ka faɗa."

Hayakawa ya koma tasharsa, ya cire hula, ya rusuna wa benci biyu. Sannan ya ware hannuwa, ya ce, "Ta tsira!"

Nagase ya buga cinya. "Kai! To yara, ku koma. Tsohon nan bai gaji da rana ba."

Na sha faɗa wa iyaye cewa alƙali mutum ne, kuma wanda bai taɓa tsayawa cikin rana awa biyu kyauta ba ya rufe bakinsa. Ran nan na tarar ni ma ina cikin masu bukatar jin haka. Da na buɗe littafin, da Sumire ta sami tasharta, amma da ba mu ƙara ganin Hayakawa da rigar alƙali ba.

Sumire ta mayar da hular kwano, ta hau farin kushin da ƙafa biyu, ta ƙame kamar soja. Wadda ta biyo bayanta ta buga ƙwallo ta wuce tsakanin masu tsaro, Sumire ta kai tasha ta biyu, ta tsaya tana haki. Ta gaba ta ɗaga ƙwallo sama aka cafe. Wasa ya ƙare shida da biyu.

Muka jeru, muka rusuna wa abokan karawa, da alƙalai, da iyaye. Uwaye suka kai wa alƙalai shayin sha'ir mai sanyi. Sauran 'yan aji shida suna ta kuka, kamar yadda suke yi kowace shekara. Sumire ba ta yi ba. Ta zo gabana, ƙasa har gwiwa.

"Koci."

"Mene ne?"

"Ashe daga tasha ta biyu ana hango kogin."

Na ce, "Ana hangowa. Je ki wanke hannu ki ci abinci."