Silin Tsohon Sito

Hedimasta mutum ne mai son a ce ya yi. Da aka turo jami'ar lafiya ta yi wa ma'aikata bayani kan asbestos, irin falankin silin da ke tsofaffin azuzuwan makarantar, ya tara malamansa goma sha huɗu cif, kowa ya sa hannu a takarda. Jami'ar ta ce muddin silin na zaune ƙalau ba ya cuta, amma idan ya karye ko aka yanka shi, ƙurarsa kan shiga huhu ta kwanta shekaru kafin ta nuna halinta. Kada a share, kada a taɓa.

Bayan mako biyu ta dawo duba tsohon sito, inda silin ya daɗe da ruftowa. Hedimasta ya buɗe mata ƙofa. Wurin fes, kamar an lashe.

"Wa ya share nan?" in ji ta.

Aka kira Iya mai shara. Shekararta ashirin a makarantar, a girme ta haifi rabin malaman.

"Ni ce, 'yata. Kwana uku ina fama, ƙura kamar gari. Malam ne ya ce in kwashe, in ma ina so in ɗauka. Allah ya saka masa."

Hedimasta ya faɗa mata hakan kuwa, a tsaitsaye, tun kafin taron, ya kuma manta.

"Ba ki zo taron ba, Iya?" in ji jami'ar.

"Na zo mana. Ni na jera kujeru. Da malamai suka shigo sai na ba su wuri."

Kunya ta kama Hedimasta har ya rasa inda zai sa idonsa. Ba da mugunta ya yi ba. Da ya ce ma'aikata, masu riƙe alli kawai ya gani, kuma wannan ne ya fi yi masa ciwo.

Jami'ar ta tambayi inda falankan suke. Iya ta ce ɗanta ya yanyanka su da zarto ya yi wa ɗakin jikokinta silin, don zafin kwano ya hana su sakat.

Ana tashi daga makaranta suka bi ta gida. Hedimasta ya roƙi jami'ar ta bar shi ya yi bayanin da bakinsa, tunda shi ya ɓata. A tsakar gida jami'ar ta ɗaura takunkumin rufe hanci da baki, ta miƙa masa ɗaya. Ya leƙa ɗakin. Yara biyu na kwance a tabarma, ƙaramar na tsotsar yatsa, sama da su farin silin ne mai gefe duk tsaga. Ya kasa ɗaura takunkumin a gabansu, ya kuma kasa shiga babu shi.

Iya ta kira maƙwabciyarta ta zo ta gaida babban baƙo, sannan ta ɗaga labule.

"Shigo mana, Malam. Ai ɗakinka ne, kai ka rufa mana shi."