Ciyawar Baba Inayat

"Baba Inayat! Ka fito daga ruwan nan, don girman Allah!"

Ina tsaye bakin shingen zauren biki da butar shayi a hannu, ina ta ƙwala masa kira, ko waiwayowa bai yi ba. Yana tsakiyar filin ciyawa, ruwa har idon sawu, wando a naɗe zuwa gwiwa. Sai ya caka wani ƙarfe mai yatsu a ƙasa, ya girgiza, ya zare, ya matsa gaba ya sake cakawa. Ƙafarsa ba takalmi. A sanyin watan Janairu fa, a Gujranwala ta ƙasar Pakistan, inda ni da nake gaban murhu tun asuba yatsuna ba sa lanƙwasuwa.

"Sabir, ka cika surutu," ya ce. "Zuba min shayin ka ajiye kan bulo."

"Ina takalman robar da maigidanka Caudari ya saya maka?"

Ya nuna su da haɓa. Suna rataye a kan shinge, sababbi fil, ruwan sama ya cika su.

Bango ɗaya ne ya raba gidana da nasa, kuma rumfar shayina tana kallon zauren da yake yi wa aikin lambu, don haka ba ni da hanyar kauce wa taurin kansa. Shi ya dasa ciyawar nan da hannunsa tun ba ni da furfura. A kanta ake kafa rumfunan aure duk hunturu. Ƙa'idarsu ce masu lambu na dauri, ya ce daga ubansa ya karɓa: ba a taka jiƙaƙƙiyar ciyawa da takalmi. Takalmi yana danne ƙasa ta kasa shan iska, amma tafin ƙafa yana gaya wa mutum inda ruwa ya kwanta. Na sha ce masa ubansa bai yi wannan aikin yana da shekara saba'in da ɗoriya ba.

Ruwan da aka yi a makon kuwa ba na wasa ba ne. Ganyaye sun toshe magudanai, filin ya zama fadama, ciyawar ta fara rawaya daga gefen gabas.

Muna cikin haka motar Caudari Liyakat, mai zauren, ta tsaya. Ya sauke gilashi, ya ja mayafinsa na ulu har haɓa.

"Baba, ka bar ta haka nan. In ta ruɓe ta ruɓe. Ga ciyawar roba nan kowane zaure yana shimfiɗawa, ba ta shan ruwa, ba ta neman aski."

"Ranka ya daɗe, ba ta mutu ba. Numfashi ne ya ƙwace mata."

"Ai ba korarka zan yi ba. Sai ka koma bakin ƙofa, ga kujera, ga garwashi."

"Ni in zauna a kujera ina gadin tabarma?"

Caudari ya yi dariya, don ba mugun mutum ba ne. Ya ce to, idan ta farfaɗo kafin bikin ƙarshen wata, shi ke nan, ta ci. Idan ba ta farfaɗo ba, kada Baba ya ga laifinsa. Ya ɗaga gilashi ya wuce.

Daga ranar Baba Inayat bai ƙara zama ba. Ya zura hannu har kafaɗa ya kwashe ruɓaɓɓun ganyaye daga magudanai. Ya tsaga 'yan hanyoyi da ƙaramar fartanya don ruwa ya gangara kwata. Ya huda filin kaf, ya riƙa ɗebo yashi a kwano yana watsawa cikin hudojin. Da yamma ya lulluɓe ƙananan shuke-shuke da karan shinkafa saboda jaura, shi kuwa ya tafi gida ƙafafu sun yi fari fat, sun tsattsage. Haushi ya riƙa cina. Na yi masa faɗa, na yi masa ba'a, na ce zan daina ba shi shayi. Ya ce shayina dama ruwa ne zalla, wanda ya ishe shi a wurin aiki.

Tarinsa na fara ji ta bango. Kwana kaɗan sai ga matarsa, Inna Barkate, a ƙofata.

"Zo ka ga abokin naka. Ya ƙi asibiti, ni na gaji."

Na same shi kan gadon igiya a tsakar gida, an jawo shi inda rana take, an rufe shi da barguna. Ƙirjinsa yana kuka kamar tsohuwar buta. Tasar miyar ganyen mastad da gurasar masara na ajiye a gefe, ba a taɓa ba.

"Sabir, yaya take?"

"Wa? Inna? Ga ta nan tana son ta shaƙe ka."

"Ciyawa."

"Kore shar. Ka sha magani."

"Da ido ka gani, ko ka taka?"

Inna Barkate ta dire kofin da ke hannunta. "Ciyawa! Kullum ciyawa! Ita za ta yi maka jinya? Ita za ta zauna da ni in ka tafi?" Ta shige ɗaki.

Ya bi ta da kallo, sannan ya kama hannun rigata. "Ka je ka cire takalmi ka taka min tsakiyar. In ruwa ya fito tsakanin yatsunka, ka gaya min gaskiya. Ka yi min wannan, ni kuma in bi ku asibitin."

Na je. Ni da girmana, da tumbina, na cire takalmi da safa na shiga filin mutane ina tsine wa sanyi, masu share zauren suna yi min dariya. Ƙasar ta karɓi ƙafata ta maido, ba laka, ba ruwa. Ta gefen gabas ma wasu 'yan tsirrai sun leƙo ta cikin rawayar. Na dawo na gaya masa.

"Alhamdulillahi," ya ce, ya rufe ido. "To, kira mai keken."

Mun makara. Likita ya ce sanyi ya riga ya cinye huhun. Ya rasu da hantsi, ranar Laraba, Inna Barkate tana shafa masa man mastad a tafin ƙafa. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba, kuma har a maƙabarta ina jin haushinsa.

Caudari ya zo gaisuwa, ya zauna a tabarma tare da kowa, idanunsa jajur. Ya ce bikin ƙarshen wata a kan ciyawar za a yi, don ta farfaɗo, Baba ya cika alkawari. Da zai tafi na raka shi bakin lungu. Ya tsaya yana gyara mayafi, bai dube ni ba.

"Amma Sabir, bayan nan fa? Wa zai kula da ita? Na tambayi masu lambu, kowa ya ce a ba shi inji da takalmi. Ba wanda zai shiga ruwa kamar shi, ni ma ba zan so a sake ba."

Ban ga ƙarya a maganarsa ba.

An yi bikin, an watse. Washegari ina hura wuta sai ga ma'aikata da shebur. Suka yanka ciyawar gunduwa-gunduwa, suna naɗewa suna jibgawa a amalanken jaki, ta roba kuma tana jingine da bango cikin leda. Kafin azahar filin ya koma baƙar ƙasa tsirara.

Inna Barkate ba ta fita, tana takaba. Da na koma gida ta yi min magana ta bayan labule.

"Sabir, tana nan dai ko?"

"Tana nan, Inna."

"To, madalla."

Na koma rumfa na tarar shayi ya tafasa ya zube a wuta. Ma'aikatan sun tafi cin abinci. Tsuntsaye sun sauka a filin, suna tafiya a hankali suna tsintar tana.